Bayan Wayar Maƙabarta

Zazzaɓi ya kwantar da ni ranar Lahadi bayan sujada. Ina kan tabarma a gindin mangwaro, idanuna suka yi nauyi.

Sai ga ni a tsohuwar maƙabartar majami'ar garinmu, wadda hukuma ta kewaye da waya don tarihi. Duwatsun kaburbura sun yi tsawo kamar giginya, kowanne yana ta maimaita sunan da aka sassaƙa masa, muryoyinsu duk sun dushe.

Wata hawainiya ta sauko daga kan gicciye, jikinta launin tsatsa.

"Wa kake nema, Istifanus?"

"Kakata, Barmani. Da kanta ta ɗauko yumɓun ginin majami'ar nan."

"Masu suna kaɗai nake gadi. Biyo ni."

Muka ratsa ta gaban dutsen wata jaririyar Turawan mishan. Dutsen ya sunkuyo, ya ce, "Na gaji da tsayuwa. An hana ni faɗuwa."

Wayar ta tsaya a gabanmu, tana numfashi. A bayanta kwazazzabo ya wangame baki, yana lasar tuddan da ba su da dutse ɗaya bayan ɗaya. Kaka na zaune a kan nata tudun, yana tangaɗi kamar kwalekwale, tana kaɗin auduga abinta.

"Maigidan, sai yau? Ka zo min da dutse?"

"Kaka, taso!"

"Ina zan taso in je? Nan aka ajiye ni."

Dutsen jaririyar ya yi kira daga baya: "Ɗauke ni, kankare sunana, ka kai mata."

Na rungume shi, hannuwana suka narke suka zama ruwa.

"Ba a taɓawa," in ji hawainiya.

Na durƙusa na rubuta sunan Kaka a ƙasa da haɓata. Haruffan suka zama tururuwa, suka watse. Kwazazzabo ya matso. Kaka ta miƙo mini bakin zarenta ta cikin waya, ga ni ba hannun karɓa.

"To, bar shi," ta ce, ba ko fushi. "Ka gaida gida."

Tsawa ta fashe. Matata Rifkatu ce ke girgiza ni, yayyafi na dukan fuskata.

"Tashi ka shiga ɗaki, hadari ya iso!"

Na riƙe zanenta. "Rifkatu, a cikin tuddan nan na bayan waya, wanne ne na Kaka?"

Ta girgiza kai. Ni ma ban sani ba.