Kashe Injin Nan

Gidansu a kwari yake, inda sabis ba ya sauka. Mai son yin waya sai ya hau tudu, wajen tankin ruwa. Baba kuwa ya daina hawa ko da dandamalin ƙofa. Ƙafa ta tafi, ido ya bi ta, kunne ma sai an ɗaga murya.

Wata safiya Auta yana goge masa baya da tsumma, sai tsohon ya ce, "Yarinyar nan, ana iya ganinta a waya?"

Auta ya tsaya da tsumman a hannu. Tun da Yaya ta tafi wata ƙasa aikin kula da tsofaffi, ba da yardar Baba ba, bai sake tambayar ta ba. In ta aiko saƙon murya, bango yake juya wa fuska.

"Ana iya."

"To."

Iyakar maganar ke nan.

Wayar Auta ko a kan tudun ba ta riƙe kiran bidiyo. Fuska ta fito, ta ƙame, ta ɓace. Amma Auta tasi yake ja, kuma ya taɓa ganin wani abokin sana'a da ɗan akwatin wayfay a mota, mai eriya a rufi, fasinja suna kallon abin da suke so har bayan gari. Ya sayi irinsa, ya kai wa mai wayarin mota.

"Ranka ya daɗe, jirgin sama za ka mayar da ita?" in ji mai wayarin, kansa a ƙarƙashin sitiyari. "Motar da sai an lallashe ta take tashi?"

"Haɗa kawai."

"A batir kai tsaye, ko a makulli? In a batir ne, kullum da safe sai ka nemi masu turi."

"A makulli."

"To in ka kashe mota, shi ma ya mutu. In ka tayar, ka ba shi lokaci. Nawa gare shi kamar ubangidansa."

Auta bai yi dariya ba.

A wurin aikin Yaya ba a barin su da waya sai a ɗan hutun rana. Suka tsayar da lokaci. Ranar, Baba ya sa aka ciro masa rigarsa mai kyau, wadda ta yi masa yawa yanzu. Auta ya goya shi zuwa mota. Nauyinsa bai kai na buhun da yake ɗora wa fasinja a but ba, kuma wannan ya tsaya masa a rai har suka hau tudu.

Ya faka a inuwar tankin, ya bar injin yana aiki. 'Yar fitilar akwatin ta yi kore. Ya kira.

Sai ga ta, fes, kamar tana kujerar baya. Tana sanye da kayan aiki, jingine da wani farin bango. Ta rame.

"Baba," ta ce. "Baba, ina wuni."

Tsohon ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kawo ta dab da hanci. Salansar motar a fashe take, kujera har rawa take yi.

"Me ta ce?"

"Gaishe ka take yi."

"Kashe injin nan. Ba na jin ta."

Hannun Auta tun yana yaro yake bin wannan muryar, ba ya jiran kai. Ya murɗa makulli.

Wurin ya yi tsit. Fitilar ta mutu. Fuskar Yaya ta tsaya a kan gilashin wayar, baki a ɗan buɗe, ido yana kallon su.

"Yauwa," in ji Baba. Ya gyara murya.

Ya ce mata ba fushi ya yi ba, tsoro ya ji, bai san yadda ake faɗin sa ba. Ya ce ranar da za ta tafi ya bi ta har tasha, ya tsaya bayan wani shago har motarsu ta tashi, bai gaya wa kowa ba. Ya ce tana can tana wanke iyayen wasu, kada ta riƙa jin kunyar nata, ƙanenta yana yi, hannunsa ne dai da nauyi. Ya ce ya yafe, in ma akwai abin yafewa. Ita ma ta yafe masa.

Hannun Auta yana kan makullin. In ya tayar, ƙarar za ta yanke maganar, akwatin kuma sai ya gama nawarsa. Baba ba mutumin da zai faɗi irin wannan sau biyu ba ne. Ya bar hannun a wurin, yana kallon wata akuya tana lasar ɗigon ruwa a gindin tanki.

"Ta yi shiru," in ji Baba.

"Kuka take yi," in ji Auta.

"Ka ce mata ta bari. Mu koma, na gaji."

Auta ya tayar da mota. Da fitilar ta sake yin kore, saƙonta ne kawai ya shigo. Ta ce kiran ya katse, an kira ta ciki, sai gobe.

Washegari jikin Baba ya rikice. Harshe ya yi nauyi, bai ƙara gane kowa ba. Makon bai ƙare ba aka yi masa sutura.

Da masu gaisuwa suka ragu, Auta ya hau tudu shi kaɗai, ya kira Yaya. Idonta a kumbure yake.

"Na ga ya buɗe baki," ta ce, "sai komai ya tsaya. Ya ce wani abu?"

Ya faɗa mata. Bai iya jera magana ba, amma bai bar komai ba, har shagon, har nauyin hannunsa. Ta saurara, tana murza bakin rigarta.

"Baba ne ya ce tsoro ya ji?"

"Shi ne."

"Baba. A tasha. Bayan shago." Ta yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "Auta, na san uban da ya haife ni."

"Wallahi, Yaya."

"Kar ka rantse, ka ɗauki alhaki a kaina. Ni na goya ka, na san lokacin da kake son ka kwantar min da hankali." Ta goge ido da bayan hannu. "Ka girma, ƙanena. A da ko ƙarya ba ka iya ba."

Ya buɗe baki zai sake farawa daga farko. Wani ya kira ta daga ciki, cikin harshen da bai sani ba. Ta waiwaya ta amsa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ka ci abinci."