Ƙwayar Hana Tsufa a Zauren Mainasara

Alhaji Harisu ya dawo daga kasuwar Mashi da kwali guda na wata ƙwaya, wai ita melatonin, yana rantsuwa tana hana tsufa. Kafin la'asar zauren yayansa Mainasara ya cika da dattawan unguwa, kowa na jujjuya kwalba yana shafa furfura.

Abin da Harisu ke so shi ne Ikilima, 'yar Mainasara, ta jera ƙwayar a kemis ɗinta, ta kuma yabe ta da bakinta. Ai duk Daura an san ta karanci haɗa magunguna, in ta ce a sha, to an sha.

Aka kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe su, ta karɓi kwalba ta duba.

"Baffa, wannan tana taimaka wa mai fama da rashin barci. Batun tsufa kuwa, yawanci a kan ɓeraye aka gwada, ba a tabbatar a kan mutum ba tukuna."

"Ɓeraye? Mu ne ɓerayen?"

"A'a, Baffa. Amma ba zan gaya wa mutane abin da ban tabbatar ba."

Tirƙashi! Harisu ya juya wajen yayansa, har hula na karkacewa.

"Yaya, ka ji 'yarka ta ƙaryata ni a gaban jama'a. Ka sa ta janye, ko kuwa ni da gidan nan har abada."

Mainasara ya shiga tsaka mai wuya. Ƙanensa ne ciki ɗaya, shekara sittin ba su taɓa raba kwano ba. Kuma shi kansa, maganar gaskiya, tuni ya zura kwalba ɗaya a aljihu, don gwiwoyin nan sun ishe shi. Ya saci kallon yarinyar. Kanta a sunkuye, amma ko alamar janyewa babu. Sai alfahari ya cika masa ƙirji fal.

Ya ciro kwalbar ya ajiye a kan tabarma.

"Harisu, kai ƙanena ne har gobe, gidan nan kuma gidanka ne. Amma abin da Ikilima ta faɗa, shi na faɗa."

Dattawa suka dubi juna baki buɗe. 'Yar fari ce fa, shekara talatin ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa, saboda kunya. Ita ma ta ɗago kai a firgice.

"Eh, Ikilima na ce," ya maimaita da ƙarfi. "Tashi ki koma bakin aikinki."