Gidan Kan Kwana Mai Shuɗiyar Ƙofa

Shekara talatin da biyu Baban Yara ya yi a teburin tambaya na wani babban asibiti, yana nuna wa mutane hanyar ɗakin magani da ta ɗakin hoto. Ranar da ya yi ritaya ya rantse ba mai ƙara tambayarsa ko da ƙarfe nawa ne. Burinsa a duniya ɗaya tak: barcin rana.

Da dillali ya kai shi da matarsa gidan da ke kan kwana, inda titi biyu suka haɗu, sai dillalin ya shiga zuba kamar an kunna rediyo.

"Iska ta ko'ina, ranka ya daɗe! Taga gabas, taga kudu. Da maƙwabci ɗaya kawai za ku haɗa katanga."

Matar ta taɓe baki. "Baban Yara, gidan da kowa ke gani fa kowa ke taɓawa."

"Ke me kika sani game da gida?" in ji shi.

Ya saya. Har ya ƙara da shafa wa ƙofar shuɗin fenti mai kashe ido, wai don kada 'ya'yansa su ɓata in sun zo gaishe su. To, nan ya ɗaure kansa da igiyarsa. Unguwar sabuwa ce, titi ba suna, gida ba lamba. Kafin mako ya zagayo, duk mai yi wa baƙonsa kwatance sai ya ce, "In ka zo gidan kan kwana mai shuɗiyar ƙofa, ka tambaya."

Ƙarfe biyu, da ya sa haƙarƙari a katifa, sai ƙwanƙwasa. Mai neman gidan tela, mai kawo kaya a babur, direban da ya ɗauko bulo bai san na wane ne ba. Masu zuwa ta babban titi su bugi ƙofa, masu ɓullowa ta ƙaramin su bugi tagar ɗakin barci. Yakan fito a fusace da niyyar wanke mutum tas, amma sabo turken wawa. Baki na buɗewa sai ka ji, "Miƙe, gida na huɗu hannun hagu, ka kula da kwata." In ya ga mutum bai gane ba, har rakiya yake yi.

"Iska ta ko'ina," matar kan ce in ya dawo yana haki.

Da abin ya ishe shi, ya samo allon katako. Kwana uku yana zana taswirar unguwar da rula, gida-gida, har da famfo da bishiyar da ta karkace. A sama ya rubuta: A DUBA NAN, KADA A ƘWANƘWASA. Ya kafa shi a katanga.

Allon ya yi aiki, don gwani ne ya zana shi. Ranar farko Baban Yara ya yi barci har da munshari. Rana ta uku ido biyu, yana kallon fanka. Rana ta biyar yana laɓe a taga, ya ga wani ya tsaya, ya bi taswirar da yatsa, ya gyaɗa kai, ya wuce abinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ashe aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, katako ma zai iya. Ran nan ko rabin abincinsa bai ci ba.

Washegari da rana ya iske allon a kicin, matar ta ɗora shi kan bokiti biyu ta jera tukwane a kai.

"Wa ya ce ki taɓa mini allo?"

"Kantar jera tukwane nake nema, shi kuma ga faɗi."

Ya shaƙi iska zai fara faɗa, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a yi na biyu har ya kai tsakar gida, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ba barci za ka yi ba?" ta ɗaga murya.

"Barcin me? So kike bawan Allah ya ɓata?"