Ruwan Wankan Baba

A gidanmu sau ɗaya ake cika bahon wanka. Kowa ya cuɗa jikinsa a waje, ya ɗauraye, sannan ya shiga ruwan zafi ya jiƙu. Baba ne ke fara shiga, sai ni, sai Mama, da safe kuma ta ja ragowar ruwan da tiyo zuwa injin wanki.

Da na dawo Himi, garinmu na masunta, bayan an cire wa Baba wani ƙari na ciwon daji daga mafitsara, sai na tarar tsarin ya juye.

"Chisato, shiga," in ji shi. "Uwarki ta biyo ki."

"Kai fa, Baba?"

"Ina kallon labarai."

Talabijin ɗin a kashe yake. Sai da muka gama ya shiga, can na ji ƙarar ruwa na zurarewa, sai goge-goge, sai warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mutumin da bai taɓa wanke kofin shayinsa ba! Da safe Mama ta tsaya da tiyo a hannu tana kallon busasshen baho. Na ga yadda ta naɗe tiyon a hankali. Baba kuma ya ja shimfiɗarsa nesa da tata.

Abin ya hana ni sukuni, don haka ranar komawa asibiti na ce ni zan tuƙa shi.

Likita Nagase, wadda ta yi masa aikin, ta gama dubawa ta ce komai lafiya. Baba ya ƙi tashi, yana murza hularsa.

"Likita, wannan ƙwayar da kuka gani a naman da kuka yanko. HPV. Na karanta ita ce ke kawo wa mata ciwon daji a bakin mahaifa." Ya saci kallona, kunnuwansa sun yi ja. "Ina da mata da 'ya a gida, kuma baho ɗaya ne."

Sai a lokacin na gane.

"Ba ta bin ruwan wanka," ta ce. "Ta cuɗanyar ma'aurata take yaɗuwa, yawancin mutane sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, tana iya kwanciya shekaru. Matarka ta ci gaba da gwajinta na mahaifa kawai."

"To ita ce ta kawo mini ciwon?"

"Ban sani ba," ta ce, idonta na haske. "Muna ganinta a wasu ƙari na mafitsara, amma ko ita ta haddasa, ko tarar da ita kawai muka yi a wurin, har yanzu ana gardama. Sigarinka na fi zargi."

A mota ya ce, "Kin ji likita, wai ba ta sani ba. In ba ta san wancan ba, ta yaya ta san na ruwa?" Da yamma ya sake zubar da ruwan.

Na kwashe komai na faɗa wa Mama tana yanka kabewa. Wuƙar ta tsaya.

"Au, ba ƙyamata yake ba?"

"Tsoro yake ji miki."

"Sakaran tsoho," ta ce, ta share ido da bayan hannu.

Ranar da dare ya fi tsawo a shekara, ranar da bisa al'ada ake zuba lemon yuzu a baho, muka shiga ya bi bayanmu kamar kullum. Amma Mama ba ta sa kayan barci ba, tawul ta ɗaura ta zauna a bakin ƙofa.

"Ke," ya kira daga ciki, "ina sarƙar da ake jan marfin magudana da ita?"

"Tana aljihun rigata."

"Fusae, kawo," ya kira Mama da sunanta.

"Baban Chisato, tun kafin a haifi yarinyar nan nake shiga ruwan da ka bari, da gashinka da warin kifinka. In akwai abin ɗauka na daɗe da ɗauka. Matsa."

Na ji ƙofar ta zuge, ruwa ya malalo kan daɓe, ƙamshin yuzu ya cika gidan. Na kasa kunne.

"Kin take mini ƙafa," in ji Baba.

"To janye ta."

Da safe ƙarar injin wanki ce ta tashe ni, yana zuƙar ruwa ta tiyo.