Maman Aji

"Umma, su ma waɗannan ke kika haife su?"

'Yata ce ta yi tambayar, tana tsaye a ƙofar falo da cokali a hannu, tana nuna ƙattin mutum uku da suka baje a kujeruna. Dogo ya miƙe ƙafafu har kan tebur. 'Yar Gayu ta zare wayata daga caji ta sa tata. Mai Turare kuwa yana suɗe kwanon abincin da na ajiye wa baban yarinyar. Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

'Yan ajinmu ne. Bana na shiga jami'a, bayan na haihu na yaye, kuma a makon farko ban san gabas ba balle yamma. Na taɓa zama a wani ɗakin lakca har malami ya yi nisa kafin na gane ba ajinmu ba ne. A kwanakin nan ne Dogo ya leƙa jakata, ya ga ruwa, maganin ciwon kai da biro na ko-ta-kwana, ya ce, "Kai jama'a, mun samu Mama!"

Sunan ya bi ni. A wurin da ba wanda ya san ka, duk sunan da aka kira ka da shi sai ka waiwaya.

"Mama, kama mana wuri a gaba."

"Mama, me malam ya ce jiya? Barci ya ɗauke ni."

"Mama, riƙe min jaka, yanzu zan dawo."

Ban fa girme su da wani abin kirki ba. 'Yar Gayu ma, in aka wanke mata fuska, ina zaton yayata ce.

Da aka raba aikin rukuni, su ukun suka rugo wurina kamar na buɗe tukunya. Ni na je laburare, ni na rubuta, ni na buga. Sai malamin ya faɗi sharaɗinsa: ranar gabatarwa zai nuna wanda ya ga dama, makin da wannan ya samu shi ne na kowa, wanda ya faɗi kuma sai ya maimaita darasin baɗi. Ƙanwar mijina da ke riƙe min yarinya lokacin lakca ta samu aiki, ƙarshen shekara za ta tafi. Ba ni da wani baɗi na ɓatarwa. Shi ya sa na kira su gida mu yi bita, suka zo suka mai da falona wurin hutu.

"Amsa mata mana, Mama," in ji Dogo, yana sakace haƙori.

"Zan amsa," na ce.

Na murɗa makullin ƙofa na jefa shi a aljihu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na karɓe wayoyin, na zuba a babbar tukunya na rufe.

"Haba Mama, wasa ne?" in ji 'Yar Gayu.

"A gidan nan wanda ya kira ni Mama ba ya taɓa waya sai ya yi karatu. Tambayi ƙanwarki ga ta nan. Kai Dogo, sauke min ƙafa daga tebur. Kai kuma wanko hannu ka zo ka faɗa min taken aikinmu."

Mai Turare bai san taken ba. Mutumin da ake jin ƙamshinsa tun daga matakala, sunansa na kan aikin, amma bai san me aikin ya ƙunsa ba. Na tsayar da shi a tsakiyar falo, ya karanta, ya rufe takarda, ya maimaita. Ya yi ta in-ina kamar mai tauna tsakuwa.

'Yata ta ja zanina. "Umma, wannan bai iya ba. A hana shi kallo?"

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Sai da kowa ya iya bayanin da bakinsa na buɗe tukunyar.

Ranar gabatarwa malam ya ɗaga yatsa, ya sauke shi a kan Mai Turare. Ya fita gaban aji gumi na cinye turaren, ya tsallake rabi, ya juya sauran, amma ya kai ƙarshe. Muka haye da ƙyar, kamar wanda aka jawo ta taga.

Tun daga ranar ba mai ce min Mama. 'Yar Gayu na yaɗa cewa ina da baƙin hali. Wuri ɗaya nake kamawa yanzu, jakata kaɗai nake riƙewa. Shekaranjiya na hango Dogo ya tare wata baiwar Allah mai ɗan kunya, yana ce mata "Anti", jakarsa tuni tana kafaɗarta.

Ke da za ki shiga jami'a, in wani ƙato ya kira ki Mama tun bai san sunanki ba, kada ki waiwaya. Girmamawa ba ta zuwa da jaka a hannu. In kuwa kin riga kin amsa, to ki kulle ƙofa tun kafin ya kai ki ƙasa.