Tafin Hannun Mimma

Saverio na gaban madubi yana lafta wa fuskarsa man rina fata, matarsa Nunzia kuwa har da riƙe ciki don dariya.

"Ka manta bayan kunne, sarkin iyo!"

"Ki rufa mini asiri, Nunzia. Yau shugabarmu Sinyora Filomena za ta duba kowa a ofis."

Ai haka muke a birnin Bari. Watan Agusta a rufe ofis, kowa ya nufi bakin teku, in an dawo fata ce shaida. Wanda rana ta gasa, ya huta. Shi kuwa Saverio, da aka yi masa haihuwa, shugabarsa da kanta ta ara masa lemarta ta bakin ruwa. Lemar da ko ƙanwarta ba ta taɓa zama a ƙarƙashinta ba! In ta ji bai je ba, teburinsa sai ƙofar bayi, inda abokin aikinsa Pasquale ke zaune tun ranar da ya kushe kek ɗinta.

Kuma wallahi bai je ba. Barci ya sha! Jaririya Mimma ta kwanta, ya kwanta. Ta tashi, ya ba ta madara, su koma. Ciwon wuyan da ya daɗe yana fama da shi ya ɓace, har ɗan tumbi ya ajiye, yana wanke kwanuka yana fito.

To kafin man ya kama, sai ya ɗan kishingiɗa da Mimma a ƙirji. Barci ya kwashe su. Ya farka a makare, ya zuba da gudu. Nunzia na ƙwala masa kira daga baranda, bawan Allah yana ɗaga mata hannu, wai shi ana kewarsa.

Yana shiga ofis Pasquale ya ƙware da kofi.

"Baban Mimma, wane kifi ne ya mare ka?"

Saverio ya leƙa gilashin taga. Fuska ta yi jawur, amma a kunci ga shatin ɗan hannun Mimma nan fari tas, yatsu biyar cif!

Sai ga Sinyora Filomena, fatarta kamar gasasshen burodi. Ta dubi kuncin, ta dube shi.

"Biyo ni."

Pasquale har ya fara kwashe kayansa daga ƙofar bayi.

Ta rufe ƙofa. "Yaya lemata?"

"Sinyora, ban je ba," in ji shi. "Barci na yi."

"Duk watan?"

"Duk watan."

Sai ta buɗe tafukan hannunta a kan tebur. Launin karas sak!

"Kana zaton don me na ba ka lemar? Ni ma labule na ja, na sha barcina." Ta matso, ta rage murya. "Naka man wane iri ne? Ya fi nawa kamawa."