Abin da Datti Ya Dasa

Hansai ta kwance bakin mayafinta a gaban mai lemo a kasuwar Ajingi, ta ɗora abin a kan tebur. Kore ne shar, yana sheƙi, girmansa kamar ƙwan agwagwa.

"Malam, don Allah ka san wannan?"

Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya miƙa wa mai kankana. Shi kuma ya ce ɗan duma ne. Wani mai maganin gargajiya ya leƙo ya ce maganin basir ne, amma da ta tambaye shi sunan abin sai ya yi gaba.

Tun daga ƙauyensu Gafasa ta ɗauko abin. Mijinta Datti ne ya dawo da tsiron daga wata tafiya, ya dasa a bakin rariya. Bai faɗi sunansa ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai ga shi ya rasu. Tsiron ya yi yaɗo, ya haye danga, bana ya fara 'ya'ya. Shekaranjiya akuyar Haruna, wan Datti, ta mutu a gindin dangar. Ya ce gobe zai sare shi, gida cike da yara ba a zama da abin da ba a san asalinsa ba.

Tana shirin ɗaurewa sai wata mata da ke zaɓen mangwaro ta ce, "A'a! Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

Kadijatu sunanta, a Gembu ta tashi, aure ya kawo ta Gaya. Ta karɓe shi tana murmushi kamar ta haɗu da ɗan garinsu.

"Fashon furut 'yan boko ke ce masa. Sha ake yi. Amma wannan ɗanye ne. Sai ya yi rawaya, ya faɗo da kansa, ya yamutse."

"Yamutsattsun?" Hansai ta dafe ƙirji. "Ai sharewa nake, na ɗauka ruɓewa suka yi."

Da la'asar Hansai ta shiga gida. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi bayan danga inda take zuba shara, ta tsinto guda biyu, ta wanke. Haruna ya fito, ya tsaya a kanta.

"Me za ki yi da wannan?"

"Sha zan yi, Yaya."

Ta sa wuƙa. Wani ƙamshi ya taso, kamar gwaba, kamar lemo, amma ba ko ɗaya ba ne. Cikin kuwa ruwa-ruwa, da baƙaƙen ƙwayoyi sai ka ce ƙwan kwaɗo. Maganar baƙuwar nan kaɗai ta riƙa. Ta yi bisimilla ta zuƙa.

Tsamin ya kama mata muƙamuƙi, ya fi na tsamiya kaifi. Ta runtse ido har da ƙwalla. Can ƙasa wani ɗan zaƙi ya biyo baya. Ta lashe ɓawon tas.

Haruna ya daɗe yana kallon ta, yana jiran abin da zai faru. Da ya ga ta kai hannu kan na biyun, sai ya tsuguna.

"Ɗan ba ni in ji."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya girgiza kai. Ya sake kurɓa. Sannan ya ɗaga ido ya dubi yaɗon.

"Dangar nan ta fara kwantawa," ya ce. "Gobe sai in kafa mata itace."